Dodon da ke jira a kowace hanya

Wanda ya taso yana jin tatsuniya ya san iyakar mai sauraro. Kaka ta ce "ga ta nan, ga ta nanku", yara su ce "ta zo mu ji ta", daga nan sai kasa kunne. Ko kana ganin kwaɗayi zai kai Gizo ya baro, ba ka da ikon riƙe masa hannu. Wasan labari na kan tebur, wanda Dungeons & Dragons ya fi kowanne suna a cikinsa, an gina shi ne a kan rushe wannan iyaka. Mutum huɗu ko biyar za su zauna, kowa da jarumin da ya ƙirƙira, an rubuta ƙarfinsa da wayonsa da kayan hannunsa a takarda. Mutum ɗaya, alƙalin wasa, shi ne bakin duk sauran duniyar: shi ne sarki, shi ne mai gadin ƙofar gari, shi ne hadarin da ya taso da ɗan fashin da ya tare hanya. Zai bayyana abin da ke gabansu, ya ce: "Me za ku yi?" Su faɗa. In abin da suka faɗa yana da haɗari, sai a jefa dayis irin wanda muka sani a lido, illa dai a nan akwai mai fuska 4, da 6, da 8, da 10, da 12, da 20.

Duk alƙalin da ya furta wannan tambaya ya ɗauki alkawari, ko ya sani ko bai sani ba, cewa amsar da za a ba shi za ta canza wani abu. Sama da shekara hamsin ke nan masu wannan harka suna muhawara a kan yadda ake cika alkawarin.

Asalin abin daga barikin soja ya fito. A 1824 wani hafsan sojan Furusiya (tsohuwar masarauta ce ta Jamusawa), Georg von Reisswitz, ya gabatar wa manyansa wasan yaƙi na kan taswira mai suna Kriegsspiel, domin horar da hafsoshi. Ɓangarorin biyu suna miƙa umarninsu ga alƙali, shi kuma ya duba taswira da ƙa'idoji da dayis, ya gaya wa kowa iya abin da sojojinsa za su iya gani. A 1876 Julius von Verdy du Vernois ya kawo salon da ya rage ƙa'idoji ya bar hukunci ga ƙwarewar alƙali. Tun daga nan matsalar ta nuna kanta. Ƙa'ida in ta yi yawa wasa ya yi nauyi, in ta yi kaɗan komai ya rataya a wuyan adalcin mutum ɗaya.

Wajen 1969, a jihar Minesota ta Amurka, David Wesely ya shirya wa abokansa masu wasan yaƙi wani abu na daban. Ya ƙago wani garin Jamusawa na zamanin Napoleon, ya sa masa suna Braunstein, ya ba kowa mutum guda ya riƙe: wannan magajin gari, wancan mai banki, wancan ɗalibi. Nufinsa a share fage kafin runduna ta iso a gwabza. Sai 'yan wasan suka shagala da ƙulle-ƙulle tsakaninsu, har biyu daga ciki suka ƙalubalanci juna fito-na-fito, dole ya ƙirƙiro ƙa'ida nan take. Wesely ya tashi yana ganin wasa ya lalace, su kuwa suka ce a sake. A cikinsu akwai Dave Arneson, wanda ya ɗauki salon ya gina duniyarsa ta Blackmoor, daga bisani shi da Gary Gygax suka fitar da Dungeons & Dragons a 1974. Wato ranar da 'yan wasa suka saki tsarin mai shiryawa suka kama nasu, ranar aka aza harsashin wasan.

Duk da haka, ina tausaya wa alƙali, kuma duk wanda ya taɓa zama a kujerar zai tausaya masa. Ya kwana uku yana zana kogo, ya jera ɗakuna goma sha biyu, ya tanadi dodo a na ƙarshe, ya ma shirya jawabin da dodon zai yi. Ranar wasa ta zo, 'yan wasa suka saurari labarin kogon, suka dubi juna, suka ce su kasuwa za su je su sayi jakuna su shiga fatauci. A wannan lokaci ne zuciya take raya masa ya toshe hanya: kasuwa ba ta ci yau, jakuna sun yi tsada, sarki ya hana fita ta kowace ƙofa sai wadda ke kallon kogo. Masu wasan suna kiran wannan ɗabi'a layin dogo, kuma sunan ya dace. Fasinjan jirgin ƙasa yana iya canza kujera, yana iya leƙa taga, amma tashar da zai sauka an riga an yanke ta.

Misalin da aka fi ambata shi ne jerin littattafan kasada na Dragonlance da kamfanin TSR ya fara fitarwa a 1984, wato labarai ne da aka shirya wa alƙalai su gudanar a kan tebur. An rubuta su da dogon labari wanda dole wasu mutane su rayu har wani babi na gaba, saboda haka aka sa ƙa'idar cewa in irin waɗannan suka mutu, kada a ga gawarsu, domin a samu damar dawo da su. Ɗan wasa ya yi dabara, dayis ya ba shi, ya kayar da mugun, sai a ce masa ai ya faɗa kogi ruwa ya tafi da shi. Littattafan sun samu karɓuwa sosai, kuma mutane da yawa sun ji daɗinsu, wannan gaskiya ne. Amma abin da aka koya wa alƙalai a ciki shi ne labarin da aka rubuta ya fi abin da ya faru a kan tebur daraja.

Layin dogo na fili ma da sauƙi, domin kowa yana ganinsa. Wanda ya fi wuyar sha'ani shi ne na ɓoye. A ce jarumai sun iso mararraba, hanya ɗaya ta bi daji, ɗaya ta bi gefen kogi. Alƙali dodo ɗaya ya tanada. In sun bi daji, dodo yana daji. In sun bi kogi, dodo yana bakin kogi. Sun yi shawara, sun yi gardama, sun zaɓa, alhali duk inda suka sa ƙafa abu ɗaya ke jiransu. Masu kare wannan dabara suna da hujja, kuma bai kamata a raina ta ba. Suna cewa alƙali mutum ne mai aiki da iyali, ba zai iya shirya hanya goma don a bi ɗaya ba, kuma abin da ɗan wasa bai sani ba ba zai ɓata masa rai ba.

Ni a ganina hukuncin ya danganta da abin da 'yan wasa suka sani lokacin da suke zaɓa. In ba a gaya musu komai game da hanyoyin biyu ba, to ajiye dodon a ko'ina bai cuce su ba, sai dai tun farko babu wani zaɓi a wurin, canke ne kawai. Amma a ce sun tsaya a ƙauye sun tambayi maharbi, ya ce musu dodo yana daji. Sun biya kuɗin kwale-kwale, sun yarda su ƙara kwana biyu a tafiya don su kauce masa. In bayan duk wannan alƙali ya ɗauko dodon ya dasa a bakin kogi, ya ci amanarsu. Ya karɓi tunaninsu da kuɗin jarumansu da lokacinsu, bai ba su komai ba. Kuma irin wannan ba ya ɓoyuwa har abada. Ranar da suka gane, za su daina tambayar maharba, su daina shawara, su zauna suna jira a kai su inda aka ga dama. Alƙalai da yawa suna kukan cewa 'yan wasansu ba sa kawo dabara, ba su san su ne suka yaye su daga ita ba.

Maganin da Justin Alexander, wanda ya daɗe yana rubutu a kan wannan fanni, ya yaɗa shi ne alƙali ya bar shirya jerin abubuwan da za su faru, ya koma shirya halin da ake ciki: su wane ne a garin, me kowa yake so, me yake da shi, me zai yi in ba a tare shi ba. Wanda ya san dodon yunwa ke damunsa kuma shanun ƙauye yake hari, bai damu da hanyar da aka bi ba. In an kauce masa, dodon zai ci gaba da cin shanu, kuma labarin zai iske jaruman a gaba ta bakin makiyayan da suka yi hijira. Shirin bai tafi a banza ba, zaɓinsu ma bai tafi a banza ba.

Wannan ya kawo mu ga abin da nake ganin shi ne ƙashin bayan lamarin, wato sani kafin zaɓi. Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Sakamako mai tsanani ba ya zama adalci sai an ba kunne damar ji. Akwai sanannen littafin kasada na Gygax, Tomb of Horrors, da aka buga a 1978, inda aka sassaƙa fuskar wani koren shaiɗani a bango da baki a buɗe, duk wanda ya shiga bakin ya hallaka nan take, babu dawowa. An tsara shi ne musamman don gwada ƙwararrun 'yan wasa masu taƙama, kuma wanda ya zauna buga shi ya san abin da ya zo nema. Kuskuren shi ne a ɗauko wannan ruhi a kai teburin da mutane suka zo hira da nishaɗi, a kashe jarumin da aka yi wata shida ana raino saboda ya taɓa ƙofar da babu wata alama a jikinta. Abin da ke biyo baya sananne ne: 'yan wasa su koma bubbuga kowane taku da doguwar sanda, awa guda ta wuce ba a tsallake zaure ɗaya ba.

Wasannin da suka zo daga baya sun mai da wannan gargaɗi ƙa'ida. A Burning Wheel na Luke Crane, wanda ya fara fitowa a 2002, ɗan wasa zai faɗi abin da yake nufin cimma da yadda zai yi, alƙali kuma ya faɗi abin da zai faru in an gaza, duk kafin dayis ya bar hannu. A Blades in the Dark na John Harper, na 2017, inda ake wasa a matsayin gungun ɓarayi a wani birni mai duhu, kafin kowace jifa sai an tantance abu biyu: girman haɗarin da jarumi yake ciki, mataki uku ne daga mai sauƙi zuwa na halin ƙaƙa-ni-ka-yi, da kuma girman abin da zai samu in ya dace. A aikace abin yana tafiya kamar haka. 'Yar wasa ta ce jarumarta za ta yi tsalle daga wannan soro zuwa wancan. Alƙali ya ce: "Tazarar da yawa, ga ruwa an yi. In kika faɗi, ƙafa za ta karye, kuma masu gadi za su ji. Kina nan a kan bakanki?" Tana iya cewa e, tana iya neman igiya, tana iya fasawa. In ta yi tsallen ta faɗi, ba za ta ga laifin kowa ba, domin da idonta a buɗe ta saya.

Sai batun dayis kansa. A tsohon salo jifa amsa biyu take bayarwa, an dace ko an gaza, kuma sau da yawa gazawa tana nufin babu abin da ya faru. An kasa buɗe ƙofa, ƙofa tana nan, kowa ya yi tsuru-tsuru. Wannan ya fi ciwo a wasannin bincike irin Call of Cthulhu, wanda Sandy Petersen ya tsara aka fitar a 1981, inda jifa ɗaya da ta ƙi za ta iya sa a rasa wasiƙar da duk asirin ya dogara a kanta. Robin D. Laws ya warware wannan a tsarinsa na GUMSHOE ta hanyar cire dayis daga wurin: in jarumi yana da ƙwarewar kuma ya duba inda ya dace, zai samu muhimmiyar alamar, aikin da ya rage shi ne fahimtar ma'anarta. Alexander kuma shawararsa ita ce duk gaskiyar da kake so a gano, ka ajiye mata alamu uku a wurare daban-daban.

Apocalypse World na Vincent Baker, na 2010, ya bi wata hanya wadda wasanni da dama suka kwaikwaya. Ana jefa dayis biyu masu fuska 6 a haɗa da makin jarumi. In jimla ta kai 10 ko fiye, an samu abin da ake so. Daga 7 zuwa 9, an samu amma da tsada, ko an samu rabi, ko an shiga tsaka mai wuya. In 6 ce ko ƙasa, alƙali zai motsa duniya a kan jarumin, ba za a tsaya cik ba. Lissafin yana da ban sha'awa. Dayis biyu suna iya faɗuwa ta hanya 36. In babu ƙarin maki, 6 ne kawai daga ciki ke ba da cikakkiyar nasara, 15 suna ba da ta tsakiya, 15 gazawa. Ko da an ƙara maki 1, ta tsakiyar ce ta fi yawa, 16 cikin 36. Da gangan aka gina wasan yadda sau da yawa za ka samu abin da ka nema kana kuma biyan wani abu, kuma abin da ka biya shi ne irin da labarin gaba zai tsiro daga gare shi.

Ina son wannan salo, amma yana da nasa ramin. Alƙalin da ya ɗauka kowace jifa sai ya ƙirƙiro sabuwar matsala zai gajiyar da kansa, ya kuma sa jarumai su zama kamar waɗanda ba su iya komai ba, ko ruwa suka ɗebo sai tulu ya tsage. Sannan in gazawa kullum tana kai mutum inda nasara za ta kai shi, illa ɗan ƙarin rauni, to an koma layin dogo ta bayan gida. Wani lokaci dole ƙofar ta ƙi buɗuwa, ɓarawon ya tsere da kayan, a nemi wata dabara. Baker da kansa ya ba da ma'auni tun a wasansa na 2004, Dogs in the Vineyard: in babu wani abin da ke cikin haɗari, ka amsa da e a wuce, a ajiye dayis sai inda ake da abin rasawa.

Akwai kuma alƙalan da ke jifa a bayan kwalin da ke kare takardunsu, su ga lambar da za ta kashe jarumi, su faɗi wata. Niyyarsu tausayi ce. Amma wanda ya saba gyara lamba ya karɓe hukunci daga hannun dayis ya mai da shi nasa, kuma daga ranar duk jarumin da ya mutu a teburinsa, shi ne ya ga dama ya bar shi ya mutu. Na fi ganin alheri a jifa a fili, tare da rage yawan abin da ake jefa wa dayis. In ba ka shirya karɓar amsa ba, kada ka yi tambayar.

Bambanci tsakanin sakamako da ramuwa shi ne inda alƙalai suka fi zamewa. A ce wani ɗan wasa ya sa jaruminsa ya kashe mai shago saboda sun yi saɓani a kan farashi. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, wannan ba gardama. Amma daga ina ruwan zai zo? In alƙali ya fusata ya saukar da mayaƙa hamsin daga sama waɗanda ba a taɓa jin labarinsu a garin ba, kowa a teburin zai gane cewa wannan fushin mutum ne ya sa rigar labari. In kuwa ya tsaya ya tambayi kansa wane ne mai shagon, wa ya gani, wa yake binsa bashi, wa zai yi kukansa, sakamakon zai fito da kansa. 'Yan kasuwa su rufe shaguna in sun hango su. Mai masauki ya ce ɗaki ya cika. Ƙanin mamacin ya sayar da gonarsa ya ɗauki hayar masu farautar jaruman. Bayan zama uku, lokacin da suke neman mai magani ruwa a jallo, a tarar matar da ta iya ɗaurin karaya surukar mamacin ce. Wannan ya fi mayaƙa hamsin zafi, kuma ba wanda zai ce an zalunce shi.

In kuma matsalar ɗan wasan ce, wato mutum ne da ke jin daɗin ɓata wa sauran wasa yana fakewa da "ai halin jarumina ke nan", to ba a gyara wannan da dodo. Magana ake yi da shi a gefe, bayan an tashi. Shi ya ƙirƙiri jarumin, shi zai iya ba shi wani halin.

Abin da ake yawan mantawa shi ne duniya ta riƙa tuna alheri kamar yadda take tuna ɓarna. Yaron da suka fitar daga rijiya ya girma a cikin labarin, wata rana ya buɗe musu ƙofar da ba su da mabuɗinta. Teburin da sakamako kullum bulala ne yana haifar da jarumai marasa uwa marasa uba, marasa aboki, domin 'yan wasa sun koyi cewa duk abin da suka ƙaunata makami ne a hannun alƙali.

Lokaci ma yana cikin sakamako. A littafin jagorar alƙalai na 1979, Gygax ya nanata da manyan baƙaƙe cewa dogon wasa ba zai yi ma'ana ba in ba a kiyaye lissafin kwanaki sosai. Blades in the Dark ya sauƙaƙa wannan da abin da ya kira agogo: a zana da'ira a raba ta gida 4 ko 6 ko 8, a rubuta a kai, misali, "masu gadi sun gano maɓoyarku", a riƙa cike gida ɗaya-ɗaya a gaban kowa. In jarumai suka zaɓi zuwa ceton ƙauye, agogon abokan gabarsu bai tsaya jiransu ba. A nan ne zaɓi yake yin nauyi na gaske, domin abu biyu ne masu kyau kuma lokaci na ɗaya ne.

Mutuwar jarumi kuwa ba ta da ƙa'ida ɗaya. A Traveller na 1977 jarumi yana iya mutuwa tun ana cikin ƙirƙirarsa, kafin a fara wasa. A bugu na biyar na Dungeons & Dragons, na 2014, jarumin da rauni ya kayar yana da damar jifa a kowane zagaye, sai ya gaza sau uku kafin ya dace sau uku sannan ya mutu. Kowanne yana da masoyansa. Abin da ya wajaba shi ne a yi zama na musamman kafin a fara, a amince: a wannan tebur ana mutuwa da sauƙi ko kuwa? Waɗanne abubuwa ne ba ma so su shigo labarin sam? Wasu tebura suna ajiye kati mai alamar X, dabarar John Stavropoulos, wanda duk wanda abu ya dame shi zai taɓa a sauya akala ba tare da an tambaye shi dalili ba.

Saura abu ɗaya da littattafan ƙa'ida ba su cika taɓawa ba, kuma yana damuna. Idan aka ce zaɓin 'yan wasa, na wa ake nufi a cikinsu? A tebur mai mutum biyar, kusan kullum akwai mai saurin baki wanda kafin alƙali ya rufe baki ya riga ya ce ya zare takobi. Sakamakon zai hau kan kowa, har da wadda take gefe tana ƙulla dabarar sulhu ba ta kai ga furtawa ba. In alƙali ya bi wanda ya fara magana kawai, to mutum ɗaya ne ke wasa, huɗu suna biyan bashinsa. Alƙalin kirki yakan dakatar da hannun kafin takobin ya fita kube, ya ce ya ji, ya juya ga mai shirun ya kira sunan jarumarta, ya gaya mata ta ga hannun abokin tafiyarta ya nufi ƙugu kuma tana da daƙiƙa ɗaya kafin ya zare. Sau da yawa za a tarar ta fi minti goma tana riƙe da abin da za ta ce.